Ƙafa a Ƙarƙashin Asabari

Nafisa ce ta sa na ɗauki biro a kan wannan magana. Watan jiya ta je biki Maradun, gidan goggonku Mairo, ta dawo fuska a ɗaure, ta ajiye mini alkaki ko zama ba ta yi ba. Da na matsa mata sai ta ce wai a tsakar gidan biki, mata cike, aka nuna ta aka ce ga ɗiyar nas ɗin nan da ta tuɓe wa surukinta takalmi a gaban mutane, ta sa aka yanke masa yatsu. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce mata gaskiya ne, sai dai daga tsakiya aka gutsuro mata labarin. Ta so in faɗa mata nan take, ni kuwa na ga in na faɗa wa ita kaɗai, gobe wani a cikinku zai je wani bikin ya kwaso nasa. Don haka ga shi a rubuce, ku karanta ku biyar ɗin, har da babban yayanku da ba na kama sunansa, wanda ya isa tuna watannin da ya yi ba uwarsa a gida, amma bai taɓa tambayata dalili ba.

A shekarar da abin ya faru ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bakura, ɗaki uku da baranda, likita sai ranar da ya samu zuwa. Ni 'yar Talata Mafara ce, aure ya kai ni Birnin Tudu, gidan kakanku da kowa ke kira Baffa. Asalinsu Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama fartanya tun zamanin mahaifinsa. Fulatancin ya zube a hanya sai 'yan kalmomi, shanun ma sun ragu, amma kunyar nan ko ƙwaya ba ta ragu ba. Mu ma a Mafara muna jin kunyar surukai, sai dai ta gidan Baffa daban ce. Shekara goma sha ɗaya ina gidan ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. In na ji gyaran muryarsa a zaure sai in bar abin da nake yi in shige ɗaki. In gaisuwa ta kama, daga bayan katanga zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, in ya zama dole sai ya ce ɗiyar Mahwara. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Girmamawa ce, kuma ina jin daɗinta, don duk kakar shinkafa buhun farko a ƙofar ɗakina ake sauke shi, da umarninsa.

Mutumin da ba ka kallo kuwa, ta kayansa kake saninsa. Mu uku ne matan 'ya'yansa, muna karɓa-karɓa wajen girki. Ranar girkina ni ke cika masa tulu da buta, ni ke wanke kwanonsa, wankinsa ma yawanci ta hannuna yake bi, tunda idon Inna, kakarku, ya fara rauni. Akwai wata tsohuwar sista da ta koya mana aiki, kullum tana gaya mana cewa majinyaci yana iya ɓoye ciwo da bakinsa, don haka mu riƙa duba shimfiɗarsa da kwanonsa da takalminsa. Lokacin dariya muke mata a bayan ido, muna cewa ta mai da mu 'yan wanki da guga. Ashe ranar amfanin maganarta na zuwa, kuma a cikin gidan aurena.

Da bazarar shekarar na lura tulun Baffa yana ƙarewa sau biyu kafin la'asar. Na ce zafi ne. Kwanonsa yana dawowa tas kamar an wanke, har ya aiko a ƙara masa fura a zuba suga da yawa, amma da na zo wankin wandonsa sai na ga ƙullin tazuge ya matsa ciki da kusan taƙi guda. Na ce aikin noman rani ne ke cin jikinsa. Sannan a bayan ɗakinsa, inda yake kama ruwa, na ga tururuwa sun yi layi suna taruwa. Da a asibiti ne wata mata ta lissafa mini waɗannan abubuwa uku a kan mijinta, kafin ta rufe baki zan ce ciwon suga ne, a kawo shi gwaji. Amma da yake Baffa ne, kowace alama sai na nemo mata uzuri na ajiye ta gefe.

Ana nan, ran nan babanku ya dawo daga gona yana fara'a, ya tsaya a tsakar gida yana ba Inna labari. Wai 'yan aiki sun gasa masara a bakin kwalbatin ruwa sun bar garwashi, Baffa ya zo ƙafa ba takalmi ya tsaya a kai yana nuna musu inda za a buɗe ruwa. Sai da aka ji ƙauri aka ce masa ya ɗaga ƙafa, shi kuwa ko gezau, ya kakkaɓe ya ci gaba da magana. Gida ya ɗauki shewa. Inna ta ce ai haka yake tun yana saurayi, ranar da aka yi masa bulalar sharo a gaban danginta murmushi yake yi, ga tabon nan har yau a ƙirjinsa. Labari ya zaga gari, dattawa suna zuwa zaure suna jinjina masa. Ni kuwa ina tankaɗe a lokacin, sai na ajiye rariya. Na san suga in ya daɗe a jiki ba a kula ba, yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin ƙaya, ya daina jin wuta.

Da babanku ya shigo ɗaki na ce masa:

"Malam, ƙahwar da tat taka wuta ba ta ji ba, ba jarumta ba ta. Ciwo na."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai kowa majinyaci na gare ki. Baffa na hwa ake magana."

Daga wannan rana ku fara ƙirga, don nan laifina yake, ba inda goggonku take nunawa ba. Na roƙi babanku ya kai shi gwajin jini, ya ce Baffa bai ce yana ciwo ba, da wane baki zai fara. Na ce to ya samo mini fitsarinsa a 'yar kwalba in gwada. Ya dube ni kamar na zage shi. Wai shi zai je ya ce wa ubansa ya yi fitsari a kwalba don a kai wa matar ɗansa? Na koma wajen Inna. Ita kuma da alfahari ta gaya mini cewa kullum da safe tana gasa masa ƙafar da ruwan zafi ta shafa man shanu, kuma duk zafin da ruwan ya kai sai ya ce bai yi ba, a ƙara tafasa. Na ce mata don Allah ta daina gashin, in ma za ta wanke ƙafar ta fara tsoma gwiwar hannunta ta ji, don shi ba zai ji ba ko ruwan yana dafa shi. Ta ce tun ba a haife ni ba take masa gashi. Na ƙyale ta, don ba a ja da Inna. Ƙarshe dai abin da na yi shi ne na ɗauko auduga da bandeji da maganin shafawa na ba babanku ya kai. Wato na yi maganin ciwon da ban gani da idona ba, abin da in ƙaramar nas ta yi a gabana sai ta yi kuka kafin in gama da ita. Haka na yi ta aike, ina kwana da abin a raina, ina tashi ina wucewa ta ƙofar zaure kai a sunkuye, har kwana tara.

A rana ta tara ba ni da aiki, kuma girkina ne. Baƙi sun zo daga Maradun, goggonku Mairo da mijinta, ga ƙannen Baffa biyu su ma sun zo gaisuwa, maza duk suna zaure. Babanku ya tafi Dakko neman iri, wayarsa ba ta shiga. Da hantsi kwanon karin Baffa ya dawo ko taɓa shi bai yi ba, mutumin da wata da watanni yake cin na mutum biyu. Tulu kuwa ya ƙare kamar kullum. Na ji Inna tana gaya wa goggonku cewa yau da zafin nan na bazara bargo ya nema, kuma a zaune ya yi sallar asuba. A cikin wanki na tarar da tsumman da yake ɗaure ƙafa, ya yi jirwaye da ruwa mai ratsin jini. Sannan da na zagaya ta bayan zaure zan miƙa ruwan baƙi, sai iska ta kawo mini wari. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin wanke ciwo ya san wannan wari, ba ya kama da na komai, kuma ba a mantawa da shi. Na tsaya riƙe da kwanon ruwa na haɗa su a kaina: ga suga, ga ƙuna, ga gashi, ga zazzaɓi, ga shi ya daina cin abinci. Ciwon ya bar fata ya shiga ciki, yana neman shiga jini. Irin wannan ba a ce masa sai gobe.

Na shiga ɗaki na sa fararen kayan aikina, na ɗora hijabi a kai. A wautata ina ganin in na sa su, nas ce za ta shiga zaure, ba matar ɗa ba. Na ɗauki akwatin aiki, na fizgi tsinke ɗaya daga tsintsiya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da na fara karɓar haihuwa ni kaɗai. Inna ta gan ni na nufi zaure, ta ce ina za ni. Na ce wajen Baffa. Goggonku ta miƙe tsaye ta ce in ban da hankali ai ina da ido, maza ne cike. Na ce na gani, na wuce.

Na yi sallama na durƙusa a bakin tabarma. Duk da halin da nake ciki sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya aka baro gida, suna amsawa da ƙyar don mamaki. Baffa yana jingine da bango, ya sa takalmin roba mai rufi, abin da ba ya yi a kan tabarma. Da na gama gaisuwa, kaina a ƙasa, na ce:

"Baffa, a gahwarce ni. Ƙahwa nike son gani."

Ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce, "Ke ɗiyar ga, kin san inda kike kuwa?"

Na ce, "Na sani. In na gama a yi min hukuncin da an ka ga dama."

Baffa bai miƙo ƙafar ba, bai kuma janye ta ba. Na ɗauki wannan a matsayin izini, Allah ne ya san ko shi ne. Na matsa na sa safar hannu na zare takalmin hagu a hankali, don ya manne. Mijin goggonku ya kawar da kai ya toshe hanci da rawani. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. A tafin ƙafa, inda garwashi ya ci, rami ne yana fitar da ruwa. Bayan ƙafar duk ya yi bororo, wannan kuma aikin ruwan gashi ne. Ja da kumburi sun haura idon sawu, wurin zafi rau. Na ɗora yatsuna a bayan ƙafar ina neman bugun jini, na daɗe kafin na same shi, can ƙasa-ƙasa, amma yana nan. Wannan ɗan bugun shi ya ba ni ƙarfin gwiwa, don na san muddin jini yana isa, akwai fatan a tsira da ƙafar.

Sai na ɗauko tsinken tsintsiya. A asibiti sai mu ce majinyaci ya rufe ido, a nan kuwa ba sai na faɗa ba, kunya ta riga ta juya masa fuska bango. Na ce in an ji tsinke a ce e. Na taɓa wuri wajen goma a ƙafar, na koma ta dama mai lafiya na taɓa, bai ce komai ba. Ƙaninsa ya gyara zama ya ce ai ga shi nan, yaya ba ya nuna ciwo, me kuma ake nema. Na roƙi a miƙo mini hannu, na soki kan yatsa da 'yar allurar gwajin suga. Sai Baffa ya zabura ya fizge hannun. Kowa a zauren ya gani. Mutumin da ya tsaya a kan garwashi, ga shi ɗan tsinin allura ya sa shi zabura. Ban yi don in kunyata shi ba, Allah ya sani, amma a nan kowa ya gane hannu yana ji, ƙafa ce ba ta ji. Na'urar ma da na ɗiga jinin ta kasa ba da lamba, sugan ya wuce iyakar abin da take iya aunawa.

Na ciro biro na zagaye iyakar jan a fatarsa, don a san ko yana hawa. Na rufe ciwon da bandeji mai tsabta, ban tsaya wani wanke-wanke ba. Na gaya musu wannan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin asibitinmu, yana bukatar likita mai fiɗa da ƙarin ruwa da allurai ta jijiya, kuma yau, ba gobe ba. Na ce in aka jinkirta, ba yatsu za a yi magana ba, ƙafa ce ko rai. Ƙaninsa ya ce a bari babanku ya dawo daga Dakko a yi shawara. A nan ne Baffa ya buɗe baki, fuskarsa na bango, ya ce:

"A samo mota."

Kafin mu isa Gusau jan ya tsallake layin biro da faɗin yatsa biyu. Likitan da ya karɓe mu ya ga layin ya tambayi wa ya ja shi, da ƙarfe nawa, daga nan bai ɓata lokaci ba. Aka ɗaura ruwa, aka fara allurar sauke suga da ta kashe ƙwayoyin cuta. Babanku ya iso da yamma a gigice. A rana ta uku aka cire yatsu biyun, ƙafa ta tsira. Da likitan ya fito sai ya ce wa babanku a gode wa Allah, kuma da an zo mako guda kafin haka wataƙila da yatsun ma ba a taɓa su ba. Bai san abin da ya faɗa ba, bawan Allah, ya wuce abinsa. Ni kuwa na jingina da bango na ƙirga kwanakin nan tara a yatsuna, na shiga bayan ɗakin majinyata na yi kuka mai isata.

Na zaci tunda ƙafa ta tsira magana ta ƙare. Ashe a gida yanzu ta fara. Goggonku ta ce na tozarta ubanta a gaban sirikinsa, na mai da shi abin kallo, kuma mu ma'aikatan asibiti dama ba mu san komai ba sai yanka. Inna ta daina cin girkina, in na kai kwano sai ta tura wa jikoki. Matan gari in na wuce zuwa aiki sai hira ta tsaya. Babanku ya rasa inda zai sa kansa, ga uwa ga yaya ga mata, ƙarshe ya ce in je gida in huta har magana ta lafa. Ba saki ba ne, amma wanda aka ce wa ya je ya huta ya san ba hutu ba ne. Na goya Nafisa, lokacin tana shan nono, na bar sauranku. Wata uku na yi a Mafara, kullum ina hawa babur zuwa aiki in dawo. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ce ita dai ta ga mata sun dawo gida a kan kishi, ta ga sun dawo a kan cefane, amma a kan takalmi sai a kaina. Na ji haushin babanku ƙwarai a watannin nan, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na yafe masa, don na gane shi ma tarbiyyar da ta hana ni kwana tara ita ta ɗaure shi.

Baffa ya yi mako biyar a asibiti aka sallamo shi. An gaya musu kullum a duba ƙafar, a duba cikin takalmi kafin ya sa. To wa zai duba? Inna ba ido. 'Ya'yansa maza daga tsaye suke leƙawa su ce ai da sauƙi. Ba a daɗe ba wurin ɗinkin ya fara tsattsafo da ruwa. Babanku ne ya ba ni labari daga baya, wai Baffa ya kira shi bayan sallar azahar ya ce a maido ɗiyar Mahwara, sannan a sayo masa sabon asabari a rataya a ƙofar ɗakinsa. Ba wanda ya gane haɗin maganganun biyu.

Washegarin dawowata da safe Inna ta zo ƙofar ɗakina, ba ta dube ni ba, ta ce wai in zo da kayan aikina. Na bi ta zuwa sashen Baffa, inda ban taɓa takawa yana ciki ba. Na tarar an sauke asabari har ƙasa, an shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, ga ƙafafu biyu sun fito ta ƙarƙashin asabarin suna jirana, takalma a jere a gefe. Mai ƙafar yana ciki, ba na ganinsa, ba ya ganina. Dariya ta taso mini na danne ta, sai kuma hawaye suka biyo baya. Dattijon nan ya zauna ya yi tunani har ya samo hanyar da kunya za ta zauna, ƙafa ma ta zauna. Na durƙusa na gaishe da asabari, asabari ya amsa, na fara aiki.

Shekara shida muka yi a haka, kullum kafin in tafi asibiti. In tsoma gwiwar hannu in ji ruwa, in wanke, in tsane tsakanin yatsu, in duba tafin ƙafa da dunduniya, in shafa mai inda ya bushe, in zura hannu cikin kowane takalmi. Sau nawa na ciro ƙaya ko tsakuwa, har ƙusa sau ɗaya. Babanku ya koyi yi masa allura, hannunsa ya faɗa har ya fi na wasu da ake biya albashi. Fura aka daina sa mata suga, Baffa ya riƙa yi wa Inna ƙorafi wai ruwan wankin ƙwarya ake ba shi, amma yana sha. Tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa. In na ga wani abu sai in gaya wa Inna da ƙarfi yadda zai ji, shi ma in yana da magana sai ya gaya wa Inna, ita kuwa tana zaune tsakaninmu tana tsinkar zogale. Bayan shekara biyu, wata rana ta aiko a ɗebo mata miyar kukata, shi ke nan aka wuce wurin, ba wanda ya ce komai.

A shekararsa ta ƙarshe, wata safiya Inna ta tafi gaisuwar rasuwa, daga ni sai ƙafa. Ina cikin tsane yatsun nan uku da suka rage sai na ji ya yi gyaran murya a bayan asabari, ya ce:

"Ɗiyar Mahwara."

Na ce, "Na'am, Baffa."

Ya ce, "Ran da nit taka garwashi, kowa yac ce jarumta ta. Ni ko na koma bukka na zamna ina kallon ƙahwata ta ƙone, ban ji komi ba. Tsoro ya kama ni awa ƙaramin yaro. Ga mutane suna zuwa suna yabo. Wa zan hwaɗa ma?"

Ban san lokacin da na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce tun ranar na gane, amma na yi kwana tara ina aike don kunya, kuma kwanakin nan su suka ci yatsunsa, ya yafe mini. Na zaci zai yi fushi. Can ya ce:

"Naki kwana tara. Nau wata huɗu, tun da nid daina jin sanyin ruwan alwala. In yahiya ta, mu yahe ma juna."

Na ce na yafe. Na ƙarasa tsane ƙafar, na zura hannu cikin takalma, na jera masa su, na tafi aiki ido jawur, har wata majinyaciya ta tambaye ni ko ciwon ido nake yi. Ba mu sake irin wannan magana ba. Da damina ya rasu, ba ƙafar ce ta yi ajalinsa ba, kuma da ƙafafunsa biyu aka kai shi.

To, wannan shi ne farkon labarin da ƙarshensa. In goggonku Mairo ta sake faɗar nata, kada ku yi mata gardama, ku gaishe ta da ladabi. Abin da ta gani ta faɗa. Ita ubanta shi ne mutumin da wuta ba ta sa shi motsi, ni kuma na karɓe mata wannan a gaban mijinta da 'yar allura, ba abin mamaki ba ne in har yau tana jin ciwo. Ban gaya mata abin da ya faɗa a bayan asabari ba, ku ma kada ku gaya mata. In kuma za ku ga laifina, ku gan shi a kwana taran nan, ni ma can nake ganinsa. Nafisa ta tambaye ni yaya kamannin kakanta suke, tunda tana ƙarama ya rasu. Na ce ta je ta tambayi babanta. Ni har ya koma ga Allah ban taɓa kallon fuskarsa ba, da za a ce in kwatanta hancinsa sai in yi ƙarya. Amma ƙafarsa, ko cikin ƙafafu ɗari aka sa ta zan nuna muku ita.